Waƙar Indiya: Soyayya Ce Ko Ibada?

Wani daren Lahadi ina cikin gabatar da shirinmu na zaɓi-sonka a gidan rediyon al'umma da nake aiki a yankin Yendi, sai wata baiwar Allah mai sayar da atamfa ta bugo waya ta ce in sa mata wata tsohuwar waƙar Indiya, ta sadaukar da ita ga maigidanta da ya tafi Kumasi da lodin doya, mako uku ke nan bai dawo ba. Sunan fim ɗin ma ba ta riƙe ba, sai da ta ɗan rera mini karin a waya sannan na gane ta. Muryar mace ce ita kaɗai da sarewa a bayanta, irin waƙar nan da ko ba ka jin yaren ka san mai yin ta tana cikin kewa. Na sa mata, na jingina da kujera.

Waƙar ba ta kai ƙarshe ba wayar ta sake ƙara. Wani dattijo ne mutumin Salaga mazaunin zangon Yendi, wanda ya yi shekaru yana aiki a kantin wani Ba'indiye a Kumasi tun yana saurayi. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Ɗana, ka kuwa san abin da ka sa mana? Maigidana kullum da asuba wannan waƙar yake sawa a gaban hoton abin bautarsa, ya kunna turaren tsinke, kafin mu buɗe kanti." Na ce, "Baba, wallahi ban sani ba." Can sai Hajiyar ta sake bugowa ta ce, "A ba Baba haƙuri, ni dai abin da na ji a ciki shi ne mace tana jiran wanda ya tafi."

Na daɗe ina juya wannan magana a raina, na yi tambaye-tambaye, na karanta abin da hannuna ya kai. Abin da na gano shi ne duk su biyun sun faɗi gaskiya. A addinin Hindu akwai wata babbar hanyar ibada da suke kira bakti, wadda a cikinta mai bauta yake mayar da kansa masoyi, ya mayar da abin bautarsa masoyin da ya yi nisa, ya yi ta kuka da kewarsa. Addu'arsu ke nan, kuma da kalmomin soyayya ake yin ta. Mu da muka shekara fiye da hamsin muna kallon fina-finan Indiya daga Bawku har Salaga, mun sha jin ta ba tare da mun san sunanta ba.

Makiyayin da ya tafi bai dawo ba

Mabiya Hindu suna da hanyoyi da dama da suka ce suna kai mutum ga tsira. Akwai ta ilimi da zurfin tunani, akwai ta aiki, sai kuma ta ƙauna, wato bakti. Littafinsu mai suna Bagabad Gita, mai babi 18 da baiti 700, ya ware babi na 12 kacokan a kanta. Amma inda abin ya zama gagarumin yunƙuri na talakawa shi ne kudancin Indiya, ƙasar Tamil, tsakanin ƙarni na 6 da na 9, lokacin da wasu mawaƙa 12 da ake kira Alwar, masu bautar Bishnu, da wasu 63 da ake kira Nayanar, masu bautar Shiba, suka bar yaren Sanskirit na malamai suka riƙa waƙa da harshen da ake ciniki da shi a kasuwa. Daga nan ne abin ya yi ta hawa arewa, ƙarni bayan ƙarni, har ya game ƙasar.

Labarin da ya fi kowane tasiri a wannan hanya shi ne na Kirishna, wanda suka yi imani cewa Bishnu ne ya sauko duniya cikin siffar mutum. Shi ne wanda kake gani a kalandar kantunan Indiyawa da shuɗiyar fata, da gashin ɗawisu a ka, yana busa sarewa. A littafin Bagabata Purana an ce ya tashi ne a cikin makiyayan shanu a Birindaban, bakin kogin Yamuna, kuma idan ya busa sarewarsa da dare sai matan makiyayan, waɗanda ake kira gopi, su bar tatsar nono, su bar tukunya a kan wuta, su nufi daji wurinsa. Duk wanda ya taɓa kwana a rugar Fulani ba zai sha wahalar hango wurin ba.

To sai dai wata rana Kirishna ya tafi birnin Matura, tafiyar da ba ta wuce kamar daga Bawku zuwa Pusiga ba, ya shiga harkar sarauta, bai sake komawa zama a cikinsu ba. A nan ne zuciyar al'amarin take. Malaman bakti suka ce ƙaunar da gopi suka yi bayan rabuwa ta fi wadda suka yi yana tare da su, domin wanda ke gabanka kana ganinsa ne a wuri guda, wanda ya yi nisa kuwa duk inda ka duba shi kake gani. Wannan raɗaɗin rabuwa suna kiransa biraha, kuma suna ɗaukarsa matsayi mafi girma a ibada. A ƙarni na 12 wani mawaƙi mai suna Jayadeba ya rubuta Gita Gobinda, inda ya fito da ɗaya daga cikin matan, Radha, ya sa ta a gaba. Tun daga lokacin sunan Radha da na Kirishna suke tafiya tare.

Akwai wani ɓangare na labarin da na san zai yi wa 'yan kasuwa daɗi. Kirishna ya aiki amininsa Uddaba, mutum mai ilimi, ya je ya lallashi matan. Surdas, wani makahon mawaƙi na ƙarni na 16, ya yi waƙoƙi da yawa a kan wannan aike, inda Uddaba yake yi musu wa'azi cewa su daina kuka su nemi Ubangiji marar siffa a cikin zukatansu, su kuma suka yi masa ba'a, suka kamanta shi da falken da ya ɗauro kaya niƙi-niƙi ya kawo kasuwar da ba a sayen irinsu. A Bagabata Purana ma, malamin ne ya koma gida yana ganin matan sun fi shi.

Ba kowa ne ke ɗaukar matsayin masoyiya ba. Wani yana ɗaukar kansa bawa, wani aboki, wata kuma tana ɗaukar Kirishna a matsayin jaririnta, ta yi wa ɗan mutum-mutuminsa wanka, ta sa masa riga, ta kwantar da shi a shimfiɗa. Amma malaman wannan layi sun sa matsayin masoyiya a sama da sauran, shi ya sa za ka ji namiji mai gemu yana rera waƙa da bakin mace.

Gimbiya da ɗan kasuwar da ya karye

A cikin waɗanda suka yi suna, babu kamar Mira, gimbiya daga ƙasar Rajastan da aka haifa wajen 1498. An aurar da ita a gidan sarautar Mewar a 1516, mijin ya rasu bayan 'yan shekaru, ita kuwa ta ce ba ta zama bazawara ba domin mijinta na ainihi shi ne Kirishna. Ta riƙa fita tana waƙa da rawa cikin talakawa masu ibada, abin da dangin miji suka ɗauka zubar musu da mutunci ne. Mabiyanta suna ba da labarin cewa an aika mata da guba a ƙoƙo ta sha ba ta yi mata komai ba. An yi fim a kan rayuwarta a 1945, aka sake yin wani a 1979 inda Hema Malini ta fito a matsayinta, kuma har gobe ana rera waƙoƙin da ake danganta mata a gidaje da wuraren bauta.

Ni dai wanda labarinsa ya fi tsaya mini a rai shi ne Tukaram, domin ɗan kasuwa ne kamar mai karatu. A ƙauyen Dehu kusa da birnin Pune ya rayu a ƙarni na 17, gidansu suna da kanti kuma suna ba da rance. Yunwar da aka yi wajen 1630 ta kashe matarsa ta fari da ɗansa, jari ya karye, masu bin sa bashi suka taso, waɗanda yake bi ba su da abin biya. Ana ba da labarin cewa ya kwashi rabonsa na takardun bashin da gidansu ke bin mutane ya watsa a kogin Indrayani, ya juya ga abin bautarsa Bittal, wanda suke ɗauka wata siffa ce ta Kirishna. Ya bar waƙoƙi fiye da 4,000 da harshen Marati, kuma a cikinsu ba lallashi kaɗai yake yi ba, har faɗa yake yi da abin bautar nasa, yana tuhumarsa da yin watsi da shi, kamar yadda mutum ke yi wa abokin cinikin da ya daɗe da shi. Matarsa ta biyu kuwa, an ce, ba ta daina mita ba a kan gidan da babu hatsi, kuma a nan ni ban ga laifinta ba. Har yau duk shekara tsakanin Yuni da Yuli dubban ɗaruruwan mutane suna takawa a ƙasa daga Dehu zuwa Pandarpur, tafiyar kusan mako uku, suna rera waƙoƙinsa.

Abin lura shi ne yawancin waɗannan mutane masu sana'ar hannu ne. Namdeb tela ne, Rabidas dukawa ne, Kabir na Banaras masaƙi ne da ya tashi a gidan Musulmi. A ƙasar da aka kasa mutane aji-aji tun daga haihuwa, har wani ba ya shan ruwa a ƙoƙon wani, bakti ta zo da cewa ƙauna ba ta tambayar asali. Ba ta rushe wannan tsari ba, yana nan da sauransa, amma ta ba na ƙasa bakin magana. Shi Kabir ma bai yarda da gunki ba sam, Ubangiji marar siffa yake kira, kuma limaman Hindu da na Musulmi duk babu wanda ya tsira daga harshensa.

Ta ina ta iso Gana?

Kada mai karatu ya ɗauka labarin wata duniya ce. Duk wanda ke bin hanyar Akra zuwa Kumasi yana wucewa ta Medie, kafin Nsawam, inda 'yan Hare Kirishna suke da wurin bautarsu. Su ne masu aske kai su bar ɗan tukku, suna kaɗa ganga da 'yan kuge suna maimaita sunan Kirishna. Silsilarsu tana komawa ga Caitanya, mutumin Bengal da ya rayu daga 1486 zuwa kusan 1534, wanda aka ce kewar Kirishna takan sa shi ya faɗi sumamme, kuma shi ne ya yaɗa fita kan titi ana ambaton suna cikin taro. Wani dattijo mai suna Prabhupada ya kafa ƙungiyar tasu a birnin New York na Amurka a 1966, daga nan ta bazu har Afirka. A unguwar Odorkor ta Akra kuma akwai wani gidan ibadar Hindu da aka kafa a 1975 ƙarƙashin Swami Ghanananda, ɗan asalin Gana ne, wanda ya yi karatu a Rishikesh ta Indiya, ya rasu a 2016. Yawancin masu zuwa wurin 'yan ƙasa ne baƙar fata.

Amma mu mutanen zango ta fim ta fi iso mu, daga zamanin silima zuwa kaset, zuwa fassarar Indiya-Hausa da yara ke turawa a waya, zuwa wasannin talabijin irin su Kumkum Bhagya da aka fara nunawa da harshen Twi a 2015, wanda ya sa mata da yawa tashi daga kasuwa da wuri. A kusan kowane ɗaya akwai wurin da jaruma za ta shiga ɗakin bauta, ta kaɗa ƙararrawa, ta tsaya gaban mutum-mutumi tana kuka tana yi masa gori. Bakti ke nan a fili. Akwai kuma wadda ba a fili take ba, inda waƙar ta saurayi da budurwa ce amma an cika ta da sarewa, da tulu a bakin rafi, da sunaye irin su Shyam, Mohan, Gopal ko Kanhaiya, waɗanda duk laƙabin Kirishna ne. Idan ka ji ɗayansu a waƙa, to ka ƙara kasa kunne. Wani abin mamaki, ɗaya daga cikin shahararrun waƙoƙin bautar nan, wadda ke cikin fim ɗin Baiju Bawra na 1952, Musulmi uku ne suka haɗa ta: Shakeel Badayuni ya rubuta, Naushad ya tsara kiɗa, Mohammed Rafi ya rera.

Ga masu saro kaya a wurin Indiyawa a Akra, Tema ko Lome, sanin wannan yana da amfani ko a ciniki. Ɗan lungun nan da kake gani a kanti da fitila da furanni wurin ibadar mai kantin ne, ba a jingina masa dila, ba a ɗora masa jaka. Alewar da wani lokaci yake miƙo maka ranar bikinsu kuwa, mai yiwuwa an fara gabatar da ita ga abin bauta kafin a raba, suna kiranta prasad. Shi alheri yake nufi. Idan kana da ƙyanƙyami, tambaya cikin ladabi ta fi karɓa ka je ka zubar a bayan kanti yaronsa yana kallo.

Namu begen

Dalilin da ya sa waɗannan waƙoƙi suke shiga ranmu, a ganina, shi ne mu ma muna da gurbinsu tun kafin su zo. Bahaushe yana da kalmar bege. Kakanninmu fataken goro da suka riƙa tasowa daga Kano, su ratsa Yendi su sauka Salaga, sukan yi watanni ba su ga iyalinsu ba, wasu ma a nan Gwanja aka binne su. Alhaji Umaru, Bakanon malamin nan da ya zauna a Salaga kafin ya koma Kete-Karaci inda ya rasu a 1934, ya yi waƙar baƙin ciki a kan yadda yaƙin basasar 1892 ya watsa garin. Mutanen da suka san zaman baƙunta ba sai an fassara musu kewa ba.

Wannan kewar ce malamanmu suka juya ta zuwa Madina. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo tun yana saurayi ya yi waƙar Larabci ta begen ziyarar Manzon Allah (SAW), 'yarsa Nana Asma'u ma ta yi nata. Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, makaho ne kamar Surdas. A watan Rabi'ul Awwal, lokacin da Dagwamba ke bikin Damba a fadar Ya-Na, a zango ana raba dare ana karanta Ishiriniya da Burda, a zawiyoyin Tijjaniyya kuma ana rera diwanin Shehu Ibrahim Inyass, za ka ga ƙato mai sayar da shanu hawaye na zuba a gemunsa. Maganar son Allah kanta tana cikin Alƙur'ani, a aya ta 54 ta Suratul Ma'ida, inda aka ambaci mutanen da Yake son su suke son Sa, kuma Rabi'atul Adawiyya ta Basra ta yi suna a kanta tun ƙarni na 8.

Kamar ta tsaya a nan. Musulmin da ke begen Annabi ya san bawan Allah ne kuma ManzonSa yake bege, ba ya bauta masa. Allah kuwa a wurinmu ba Ya sauka cikin jikin mutum, ba a sassaƙa Shi, ba a yi maSa wanka. Mai bakti na Kirishna ya ginu ne a kan cewa abin bautarsa ya zo duniya, ya yi ƙuruciya, ya saci man shanu, ana iya ganinsa a siffa. Wannan bambanci ne na aƙida, kuma duk wanda ya ce maka abu ɗaya ne bai yi wa kowane ɓangare adalci ba. Ko a tsakaninmu ma ba a gama muhawara a kan iyakar bege ba, domin marigayi Afa Ajura na Tamale, wanda ya rasu a 2004, ya shekara da shekaru yana sukar wasu ayyukan 'yan ɗariƙa, su kuma suna mayar masa da martani, almajiran ɓangarorin biyu suna nan a Yendi da Bawku.

Inda hanyoyin biyu suka haɗu da gaske shi ne Kano. Tun shekarun 1980 da 1990 wasu matasa masu bandiri suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin fina-finan Indiya suna cire kalmomin suna zuba yabon Annabi da Hausa. Wata ƙungiyarsu ma Ushaƙu Indiya ta kira kanta, kamar yadda wani Bature mai bincike, Brian Larkin, ya kawo a bincikensa. Kasusuwan nan sun iso har kasuwanninmu, yanzu kuma a katin waya ake tura su. Hujjar mawaƙan ita ce tun da yara sun riga sun haddace karin, gara a cika shi da ambaton Manzo. Masu suka kuma suna cewa mai sauraro bakinsa na salati amma zuciyarsa tana hango rawar jaruma a cikin furanni. Abin da ban cika jin ɓangarorin biyu sun ambata ba shi ne cewa a cikin waƙoƙin fim ɗin akwai waɗanda tun asali na ibada ne, don haka mai aron kari yana iya ɗauko na ɗakin bauta yana zaton na dandali ne. Hukuncin wannan na malamai ne, ni ɗan jarida ne. Abin da zan iya cewa shi ne sha'irin da zai ari kari ya kamata ya fara tambayar daga ina ya fito, kamar yadda ba ka sayen buhu sai ka soka masa tsinke ka ga abin da ke ciki.

Ni ma na canza yadda nake aiki. Yanzu kafin in sa waƙar Indiya a shirin sai na nemi fassararta, idan ta bauta ce in faɗa wa masu sauraro a fili, wanda ya zaɓe ta ya ce a ci gaba ko a canza. Wasu sukan ce a canza nan take. Wasu sukan yi shiru su ce, "To Malam, sa mana wata mai kama da ita."

Kwanakin baya na je Bawku ranar kasuwa, na tsaya a rumfar wani yaro mai tura waƙoƙi a waya kusa da tashar motocin Sinkase. Na tambaye shi me aka fi saya. Ya ce, "Yaya, direbobin dare bege suke so, masu albasa kuma tsofaffin Indiya." Na ce ya sa mini ɗaya daga kowanne. Ya sa begen, wani sha'iri ne da bandiri yana kiran Ɗan Amina. Da ya sa ta Indiyan sai ya ɗago kai ya dube ni, ya mayar da ta farkon, ya sake saurara. Kari ɗaya ne. Ya ce shekararsa huɗu yana sayar da su bai taɓa lura ba.

Hajiya mai atamfa kuwa maigidanta ya dawo ranar Talatar da ta biyo bayan shirin, motarsu ce ta lalace a Kintampo. Ranar Lahadi ta sake bugowa ta gaida Baban Salaga, ta zaɓar masa Ishiriniya.